Zinare Da Gubar Da Ke Biyo Shi Gida

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyarmu a Sabo, Ilesha)



An nemi in yi bayani a kan haƙar zinare, sana'ar da a yau da wuya a sami gida a unguwar nan da ba shi da ɗa ko ƙane ko baƙo a cikinta. Kowa ya san yaranmu na shiga dazukan Itagunmodi da Igun da Iperindo, wasu na haƙa, wasu na wanki, wasu na kai musu abinci. Sana'a ce ta neman halak, ba mai ƙyamar ta. Abin da nake so mu tafi da shi a yau shi ne, haɗarin zinare ba ya tsayawa a bakin rami. Mafi muninsa shi ne wanda ake ɗaukowa a buhu a kawo cikin gida.

Bari mu fara da yadda aikin yake. Zinare iri biyu ake samu. Akwai na yashi, wanda ruwa ya wanko ya tara a rafi, shi wankewa kawai ake yi. Akwai kuma na dutse, wanda ke maƙale cikin farin dutse. A yawancin wurare tan guda na dutse giram kaɗan yake bayarwa, shi ya sa dole a farfasa shi, a niƙe ya zama gari, a wanke, sannan a kama zinaren da zaiba. Kowane mataki a nan yana da nasa ciwon.

Na farko shi ne ramin kansa. Ramin da ba a tokare bangonsa da itace ba, da damina ta sauka ƙasa ta jiƙe sai ya rufta. A watan Yuni na 2024, bayan ruwan sama mai yawa, rami ya rufta da masu haƙa da dama a Galadima Kogo ta ƙaramar hukumar Shiroro a Jihar Neja. Haka kuma injin jan ruwa ko janareta idan aka saukar da shi cikin rami, hayaƙinsa na kashe mutum shiru, sai dai ya ji jiri ya kwanta, shi ke nan. Ƙurar farin dutsen kuma tana taruwa a huhu shekara da shekaru, ta bar mutum da tari da haki, ta buɗe wa tarin fuka ƙofa. Wannan duk a kan mai haƙa yake faɗawa, shi da ya san abin da ya shiga.

To jama'a, ga inda maganar take. A shekarar 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma da Abare. Yaro zai yi amai, ya yi ta jijjiga, ya sume. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Da aka auna jini sai aka ga gubar dalma ce. Dutsen zinaren yankin cike yake da dalma. Kuɗin zinare ya tashi a duniya, sai mutane suka riƙa kawo dutsen gida, ana daka shi a turmin da ake daka hatsi, ana niƙa shi a injin niƙan gari, ana shanya shi a tsakar gida. Ƙurar ta zauna a ƙasa, yara masu rarrafe suna dafawa suna kai hannu baki. Tun kafin yaran, agwagin ƙauyukan ne suka fara mutuwa, ba wanda ya gane ishara ce. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida, an tarar kusan yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da aka rasa ta kai kimanin 400, dubbai kuma suka buƙaci magani.

Kuma ku sani, maganin ba ya aiki muddin yaro zai koma gidan da gubar take. Sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka kai ta nesa aka binne, aka zuba sabuwa. Garin Bagega bai sami wannan aikin ba sai a 2013. Wasu yaran da suka rayu sun makance, wasu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada, don dalma ba ta mayar da abin da ta ci. Bayan shekara biyar, a 2015, irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ban ce dutsen ƙasar Ijesha daidai yake da na Anka ba. Amma fa ido ba ya auna dalma, sai gwaji, kuma mu nan gidajen haya muke, tsakar gida ɗaya iyali biyar ko shida.

Sai zaiba, ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli kamar azurfa da ake gani cikin ma'aunin zafin jiki na da. Ana zuba ta cikin garin dutsen da aka wanke, ta haɗe zinaren, a matse a ƙyalle ya zama ɗan dunƙule, sannan a ƙona. Da ta ji wuta sai ta tashi ta zama tururi, zinare ya rage. Tururin nan ba shi da launi, ba shi da wari. Wanda ya ƙona a ɗaki ko a shago ko a murhun girki, shi da matarsa da 'ya'yansa da maƙwabta duk sun shaƙa, kuma tana lafewa a bango da tufafi ta ci gaba da fita. Tana taɓa jijiyoyi da ƙoda, tana kawo rawar hannu da mantuwa, ta fi cutar da jaririn da ke ciki. Wadda ta zube a rafi kuma kifi ne ke tara ta a jikinsa, mu saya mu ci. Mutanen garin Minamata na ƙasar Japan sun ga wannan a 1956, lokacin da wata masana'anta ta riƙa zubar da ita a teku. Da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar duniya ta rage amfani da zaiba a 2013, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018.

Akwai kuma maganar zamanmu da masu gari. Ruwan wankin zinare da laka duk kogin Osun suke gangarawa, kogin da mutanen ƙasar nan ke girmamawa, suke yi masa biki kowane watan Agusta a Osogbo. Ruwan ya rine har a 2022 gwamnatin jiha ta gargaɗi masu zuwa bikin da kada su sha. Manomin koko da aka bar masa ramuka a gona ba ya tambayar wane ne mai lasisi ko wane ne ya sayi zinaren, fuskar da ya gani a rami ita yake riƙewa, kuma sau da yawa tamu ce. Ranar 16 ga Janairu, 2024, nakiyoyin fasa dutse da aka ɓoye a wani gida a unguwar Bodija ta Ibadan suka tashi, aka rasa rayuka, mutum fiye da 70 suka ji rauni, gidaje suka rushe. Duk lokacin da irin haka ta faru, baƙo ake fara kallo. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Saboda haka ga shawarwarin da nake roƙon ƙungiya ta ɗauka.

Na ɗaya, kada dutsen haƙa ko garinsa ya shigo Sabo. A fasa, a niƙa, a wanke can a wurin aiki, nesa da gida da rijiya. Turmi da injin abinci su tsaya a abinci.

Na biyu, a riƙa niƙa da ruwa maimakon niƙan busasshe, don jiƙaƙƙen dutse ba ya tayar da ƙura. Wannan na cikin abubuwan da aka koya wa masu haƙa a Zamfara da Neja bayan abin da ya faru.

Na uku, mai aiki ya yi wanka ya canja kaya kafin ya dawo. Kayan aiki da takalmi su kwana a can, kada a ba mata su wanke tare da na yara.

Na huɗu, kada a ƙona zaiba a ɗaki ko shago. Akwai 'yar tukunyar ƙarfe mai bututu da ke kama tururin ya koma ruwa a sake amfani da shi. Maƙeri na iya haɗa ta da bututun famfo, kuma tana rage asarar kuɗin zaiba.

Na biyar, yara da mata masu ciki ko shayarwa su nisanci wurin niƙa da wanki. Yaron da ke jijjiga ko yawan amai a kai shi asibiti, a gaya wa likita sana'ar mahaifinsa, a nemi gwajin dalma.

Na shida, dokar ma'adinai ta 2007 ta ce ma'adinan ƙasa na hannun Gwamnatin Tarayya, amma ta ba ƙananan masu haƙa damar yin ƙungiyar haɗin kai su nemi izini. Mu taimaki yaranmu su yi rajista, su nemi yardar mai gona, su cike rami in sun gama. Masu ba da haya kuma su san abin da ake ajiyewa a ɗakunansu.

Iyayenmu mata, ku ne kuke gida, ku ne za ku fara ganin buhun in ya shigo. Ku yi magana, in an ƙi ji ku kawo wa Sarki da dattawa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu arziki mai albarka, ya tsare mana zuriyarmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.