Ku Tambayi Yaro: Wane Irin Doki?

 

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku, shugaban wannan kwaleji da malamansa, iyayen ɗalibai, da ku 'ya'yana sababbin malaman firamare da ake yayewa yau, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na ga rana ta fara taɓa waɗanda rumfa ba ta kai gare su ba, don haka magana ɗaya zan yi.

Idan aka koma makaranta bayan hutun Sallah, ku ce wa ɗan aji uku ya faɗi abin da ya gani ranar hawa. Zai miƙe ya ce, "Na ga doki," ya zauna. To ku bi shi lokacin tara, ku saurare shi a gindin darbejiya yana ba abokinsa labarin dokin nan. Za ku ji akawal ne, baƙi ƙirin, bakinsa na kumfa, ya tsorata da ƙarar bindiga ya miƙe tsaye, rawanin mahayin ya warware har mai tallan gyaɗa ta zubar da farantinta. Yaro ɗaya, doki ɗaya. Ashe ba ido ya rasa ba, ba kuma baki ba. A aji ne ya fahimci cewa gajeruwar amsa ta fi tsira daga bulala da dariyar 'yan'uwa.

Aikinku shi ne ku shigo da wancan dokin na gindin bishiya cikin aji. Kayan aikin ba sa bukatar ko sisi: tambaya ce. Wane irin doki? Me ka ji da kunnenka? Ƙurar ta shiga hancinka? Ku tambaya, sannan ku yi shiru ku jira, don a wurin jiran nan yawancinmu muke gazawa, mu yi sauri mu ba yaro amsar da bakinmu.

Kada ku cika allo da jerin sifofi ku ce a haddace. Yaron da ya haddace "kyakkyawa" zai manna ta ga gida, da akuya, da tuwo, ba tare da ya dubi ko ɗaya ba. Gara ku saka goruba, ko tsamiya, ko gammo a cikin buhu, yaro ya zura hannu ya faɗi abin da yatsunsa suka gaya masa, sauran su cinka. Ranar da hadari ya haɗo, ku ajiye alli, ku buɗe taga. Harshenmu ya riga ya tanadar musu: fari fat, ja wur, kore shar, gari ya yi tsit. Na san za a ce aji cike yake maƙil, ba wurin taka ƙafa. Gaskiya ne, amma buhu ɗaya ya ishi yara ɗari.

Ku karanta musu kuma, da murya irin ta mai ba da labari, ba ta mai kiran rajista ba. Tun gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya muke da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1937 Magana Jari Ce ya fara fitowa. Ku tuna aikin akun da ke cikinsa: da labari kaɗai ya riƙa tsare Musa ɗan Sarki a gida, dare bayan dare. Da a ce "wani mutum ya je wani gari" kawai yake faɗa, da Musa ya fice tun daren farko. Ku karanta shafi ɗaya, ku rufe littafin, ku ce kowa ya faɗi abu guda da ya gani a zuciyarsa, da kalmar da ta sa ya gan shi.

Daga baya sai ku koya musu zaɓe. Yaro in ya ɗanɗana daɗin siffantawa, sai ya jibga sifofi bakwai a kan kaza ɗaya. Kada ku ja masa jan biro. Ku ce, "A cikin bakwai ɗin nan, wacce ce in an cire ta kazar ta zama ta kowa?" Zai gano cewa ɗingishinta ne, ba farinta ba.

Iyaye mata, ku ma ga naku. Waya da talabijin sun cinye lokacin "ga ta nan, ga ta nanku". Ko sau ɗaya a mako, ku dawo da Gizo da Ƙoƙi tsakar gida, har da tsamin bakin Gizo, don malaman nan su sami abin ɗorawa a kai.

'Ya'yana, ina taya ku murna. Allah ya sa albarka a takardun da za ku karɓa, ya ba ku haƙuri da yaran mutane, ya mai da kowa gida lafiya.