'Yan Ƙwallo da Tarbiyyar 'Ya'yanmu a Sabo

(Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da matasa na ƙungiya)

 

  

An ɗora mana nauyin mu ce wani abu a kan 'yan wasan ƙwallo, da yadda 'ya'yanmu suka mai da su abin koyi. To, mu 'yan kasuwa ne, saboda haka da harshen kasuwa za mu yi magana.

Kowa ya sani Badun garin wasa ne. Daga nan Sabo zuwa filin Adamasingba tafiyar ƙafa ce. Kulob ɗin garin nan, wato Shooting Stars, shi ne na farko a Nijeriya da ya ciyo kofin ƙungiyoyin Afirka, a 1976. Tun kafin nan, a 1963, a filin Liberty Dick Tiger ya doke Ba'amurke Gene Fullmer a damben duniya. Yaron da ya tashi a irin wannan gari, in ka ce kada ya so wasa, ka ɓata bakinka. Abin da ke damunmu shi ne, ka tare yaro ka ce ya kawo sunayen 'yan wasan Arsenal, zai jero maka su ba gargada, amma ka ce ya kawo farillan alwala guda bakwai, sai ya kama susar ƙeya.

Mu ma Hausawa ba baƙin wasa ba ne. Muna da dambe, muna da kokawa, kuma har yau ana sauraron waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago. Sai dai ku lura, dambe asalinsa wasan mahauta ne, kuma da kaka aka fi yin sa, bayan an kai amfanin gona gida. Wato mutum yana da sana'arsa tukuna, sannan ya ɗaure hannu ya shiga fage.

Iyayenmu da suka kafa unguwar nan tun 1916, da goro da shanu suka riƙe ta. Sun koya mana ba a sayen huhu sai an kwance an duba, a ware mai kyau, a fid da mai sankara. Haka muke so samarinmu su yi wa taurarin nan: ku kwance huhun, kada ku haɗiye mutum ɗungurungum don kawai ya iya taka leda.

Bari mu fara da mai kyau. Marigayi Rashidi Yekini haifaffen Kaduna ne, a 1963. Daga kulob ɗin masaƙar UNTL ya zo nan Shooting Stars, ya je Kwaddibuwa, ya je Fotugal. A 1993 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. A 1994 ya ci wa Nijeriya ƙwallonta na farko a gasar kofin duniya, a wasanta da Bulgeriya, ya riƙe raga yana kuka. Yara suna ganin hoton ragar nan, amma ba sa lissafin cewa ya haura shekara 30 a ranar, bayan ya yi fiye da shekara 10 yana gumi. Wannan naci shi ne abin ɗauka.

Ga Segun Odegbami, wanda ya yi wa Shooting Stars wasa, yana kuma cikin waɗanda suka ciyo wa Nijeriya kofin Afirka a 1980. Karatun injiniya ya yi a kwalejin kimiyya da fasaha ta nan Badun. Ƙwallo bai hana shi biro ba, kuma da ƙafa ta gaji, biron ya ci gaba da yi masa amfani.

Ga Hakeem Olajuwon, ɗan Ikko, wanda ya ci kofin ƙwallon kwando na Amurka a 1994 da 1995 tare da Houston Rockets. Yana wasa da azumi a bakinsa, kuma a watan Fabrairu na 1995, cikin Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon wata. To kai da ka bar sallar Magariba ta wuce ka a gidan kallo, da wa kake koyi?

Ga namu Ahmed Musa, da ya bi ta Kano Pillars ya kai har Rasha da Ingila, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018. Da ya samu, ya waiwayo gida ya gina cibiyar wasanni a Kano, mutane suka sami aikin yi. Haka Sadio Mane na Senegal ya gina makaranta da asibiti a ƙauyensu Bambali. Sun san kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Yanzu sai sankarar. Ta farko ita ce caca. Shagunan caca sun cika gari, yanzu ma ta shigo cikin waya. Yaro ya ɗebi kuɗin cinikin maigidansa ya zuba a kan wasan da ake yi a Turai, da safe a nemi kuɗi babu. Addini ya haramta, kasuwa ma ta haramta, domin amana ita ce jarin Bahaushe a ƙasar nan. Da ita mahauci ke karɓar sa a hannun dillali ya biya daga baya, da ita ake canji a bakin titin nan. Ran da aka ce yaron Sabo ba shi da amana, mun rasa abin da kakanninmu suka bar mana.

Ta biyu ita ce 'yan damfara masu kiran kansu ejan. Su zo su ce za su kai yaro gwaji Turai, a kawo kuɗin biza da na jirgi. Uwa ta sayar da zinarinta, uba ya taɓa jari, daga bisani waya ta daina shiga, ko a yar da yaro a wata ƙasa ba takarda ba mafita. Duk wanda ya ce ka biya kafin a gwada ɗanka, ka riƙe aljihunka.

Ta uku ita ce barin makaranta da sana'a. Mu yi lissafi irin na kasuwa. Mutanen Nijeriya sun haura miliyan 200, amma mutum 11 ke shiga fili su yi mata wasa. Wanda ma ya dace, da ya doshi shekara 35 kasuwarsa ta fara watsewa, in ma targaɗe ko karaya ba su tashe shi tun da wuri ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kuma mu tuna, Yekinin nan da duniya ta yi wa tafi, a nan garin ya ƙare rayuwarsa cikin kaɗaici da rashin lafiya, ya rasu ranar 4 ga Mayu 2012 yana da shekara 48. Allah ya jiƙansa. Masu tafi da yawa, masu zuwa dubiya kaɗan ne.

Saboda haka ga shawarwarin da muke gabatar wa ƙungiya.

Na ɗaya, mu shirya wa yaranmu gasar unguwa da kanmu, da sharaɗin ba wanda zai sa riga sai ya kawo shaidar malamin Islamiyya da ta makarantar boko, ko ta maigidan da yake koyon sana'a a wurinsa.

Na biyu, lokacin sallah a tsai da wasa. Mu roƙi masu gidajen kallo su taimaka mana a kan wannan, su kuma daina barin ƙananan yara suna kaiwa tsakar dare.

Na uku, a kafa kwamitin dattawa da 'yan boko, duk wanda aka zo masa da maganar fitar da ɗansa waje ya kawo takardun a bincika kafin ya fid da ko sisi.

Na huɗu, yaron da Allah ya ba baiwa ta gaskiya, kada mu danne shi. Mu raka shi kulob mai rajista, mu san kocinsa, mu san inda yake kwana.

Daga ƙarshe, iyaye, maganar ta dawo kanmu. Yaro yana ganin ɗan ƙwallo minti 90 ne a talabijin, mu kuwa kullum yana ganinmu. In ya ga muna cika mudu, muna cika alkawari, muna rufe shago mu tafi masallaci, to ya sami ma'aunin da zai auna kowane tauraro da shi. In kuwa mun fita tun asuba ba mu dawo ba sai ya yi barci, to hoton da ya manna a bango ne zai yi masa tarbiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu Yarabawa.