Ciwon ƙirji, fargaba, da haɗa giya da magani

 Yau maganar da za mu yi tana da ɗan nauyi, kuma na san wasu za su ce me ya kawo zancen giya a shirin Hausa. To, mu faɗa wa kanmu gaskiya: akwai matasanmu da ke sha, a ɓoye suke sha, kuma wannan ɓoyon shi ke jefa su a haɗari idan sun je gaban likita.

Mu fara da fargaba. Akwai wani irin firgici da ke kama mutum farat ɗaya, ba tare da wani ya tsorata shi ba. Zuciya ta riƙa dukan tara-tara, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya yi wuya, yatsu su yi sanyi ko su riƙa tsira, zufa ta karyo, mutum ya ji kamar yanzu zai mutu. Yawanci yakan kai ƙololuwa cikin minti 10, sannan ya fara sauka. Ba ƙarya yake yi ba, ba kuma raki ba ne. Jiki ne ya saki sinadarin tsoro kamar ana binsa da gudu, alhali yana zaune a ɗaki.

Matsalar ita ce, wanda abin ya taɓa kamawa sai ya fara neman abin da zai kwantar masa da hankali. Wani ya je kemis ya sayi Valium ba takardar likita. Wani tiramol. Wani kodin, duk da gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018. Sai kuma ya ɗora giya a kai, wai don barci ya zo.

Nan ne nake so ku tsaya ku saurara da kyau. Giya da Valium da kodin da tiramol duk hanya ɗaya suke bi: suna danne ƙwaƙwalwa, har da ɓangaren da ke tuna wa jiki ya yi numfashi. Idan aka haɗa su, numfashi na iya raguwa har ya tsaya mutum yana barci, ko ya yi amai ya shaƙe. Abokai na ganin ya yi nisa ne kawai, su bar shi ya huce, alhali yana tafiya. Tiramol ma har farfaɗiya yana iya tayarwa. Kuma giyar da aka sha don fargaba, idan ta sake ka da safe, fargabar ce ke dawowa fiye da da, zuciya na bugawa ba tsari.

Ba ƙwayoyin barci kaɗai ba. Brufen ko diklofenak da giya suna cin bangon ciki, har ya kai ga zubar jini. Panadol da yawa a kan giya hanta yake bugawa. Flagyl kuwa likitoci na hana shan giya da shi, don yana iya kawo amai da bugun zuciya da sauri.

To, ciwon ƙirjin fa, me ke kawo shi? Wani lokaci ƙwannafi ne, ka ji zafi na tasowa daga ciki bayan ka ci mai yaji ko ka kwanta, kuma giya na ƙara shi. Wani lokaci nama ne ko mahaɗar haƙarƙari, irin wanda in ka danna wurin da yatsa zafin ya ƙaru. Idan akwai tari da zazzaɓi, a duba huhu, ko nimoniya ko tarin fuka. Mai sikila kuma, ciwon ƙirji da zazzaɓi da wahalar numfashi ba abin jira ba ne ko na awa ɗaya.

Sai zuciyar kanta. Nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora maka dutse, yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ga zufa, ga jiri, ko ya zo lokacin da kake hawan bene. Kada ka zauna kana cewa ai fargabata ce ta motsa. Ko likita ba ya rarrabe su da ido, sai ya yi gwajin ECG da na jini. A kai ka asibiti, kuma kada ka tuƙa kanka.

In ka isa, ɗan'uwa, 'yar'uwa, faɗi abin da ka sha, da yawansa, da lokacin da ka sha. In da kwalin maganin, tafi da shi. Likita ba alƙali ba ne, kuma aikinsa ya ɗora masa riƙe sirrinka. In ka ɓoye, zai iya yi maka allurar da za ta haɗu da abin da ke cikinka ta ƙara danne numfashin.

Wanda kuma ya daɗe yana shan giya kullum ko Valium, kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai, don hakan na iya kawo karkarwa da ruɗewa da farfaɗiya. A hankali ake ragewa, ƙarƙashin kulawar likita. Fargabar ita ma ana maganinta, da zama da masanin halayyar ɗan'adam, da magungunan da sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki.

Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, sai mun haɗu a shiri na gaba.