Katsina da Maraɗi: Darasin Zumunci Bayan Raba Ƙasa



Ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya tamu da suka ba ni damar yin tsokaci a kan zamanmu da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka. Na shafe shekaru talatin da biyar ina riƙe da alli, saboda haka ku yi mini uzuri in na fara da tarihi.

Rabuwar Katsinawa ta girmi zuwan Turawa. Bayan da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, tsohon gidan sarauta ya yi arewa, har Ɗankasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Daga nan aka shafe shekaru masu yawa ana kai wa juna hari, musamman a zamanin Ɗanbaskore. Garuruwa sun tashi, gonaki sun koma daji. Ana cikin haka Ingila da Faransa suka zo suka yi yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 suka kafa alamun iyaka. Aka wayi gari wa yana biyan haraji ga Ingilishi, ƙane yana biya ga Faransi.

Abin lura shi ne yadda waccan gaba ta mutu. Fatake da manoma da almajirai ne suka binne ta. Aka haɗu a kasuwar Jibiya, aka yi auratayya, aka aika yara karatun allo gidajen juna, har jikokin mayaƙan suka zama surukai. Har yau ana kiran sarkin Maraɗi Sarkin Katsina, kuma babu Bakatsinen da wannan ke hana shi barci.

An jarraba wannan zumunci a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, har aka yi ta maganar yaƙi. A cikin waɗannan watanni yayata ta rasu a wani ƙauye kusa da Madarumfa, tafiyar da ba ta kai yini ba, amma ban samu jana'izarta ba. Wannan abu yana nan a raina. Sai dai mun ga yadda malamai da sarakuna suka yi ta kai-komo, Majalisar Dattawan Nijeriya ta ƙi amincewa da amfani da soja, har aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024. Ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a 2025 ba ta matsar da garinmu ko taku ɗaya daga inda Allah ya ajiye shi ba.

Abin da ke damuna yanzu shi ne bakin 'ya'yanmu. Ina jin yadda matasa ke zagin juna a wayoyinsu, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya laifin 'yan bindiga, alhali ɓarawon daji ba ya tambayar katin ɗan ƙasa kafin ya kora shanu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Don haka ina ba ƙungiya shawara uku. Na farko, a riƙa gayyatar dangi na can zuwa wannan taro kowace shekara. Na biyu, a kafa kwamitin dattawa da zai riƙa sasanta rigimar kasuwa da ta gona kafin ta kai gaban hukuma. Na uku, kowane magidanci ya kai 'ya'yansa su ga gidan kakanninsu, domin zumunci a ƙafa yake.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, ya jiƙan magabatanmu.