Idan Tankin Gidan Mai Ya Yi Yoyo a Ƙarƙashin Ƙasa

Yau zancenmu a kan man fetur ne, wanda ke tsiyaya daga tankunan da aka binne a gidajen mai ba tare da kowa ya gani ba.

Tankin ƙarfe idan ya daɗe cikin ƙasa mai laima, tsatsa kan ci shi, haka ma bututun da ke kai mai zuwa famfo. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, in aka lissafa, ya haura lita 1,500 a shekara. Man yakan bi yashi ya gangara har ya tarar da ruwan ƙasa, sai ya hau kansa ya zauna domin ya fi ruwa sauƙin nauyi. Wani sashensa kuma ya narke a ciki, musamman sinadarin benzin, mai haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha.

A Santa Monika ta Amurka, a 1996, sai da aka rufe rijiyoyin da ke ba birnin kusan rabin ruwan shansa, saboda sinadarin MTBE da ake haɗawa da fetur ya malalo daga tankunan gidajen mai. To mu fa, da a Maraɗi ko Katsina za ka ga gidan mai da rijiyar unguwa katanga ɗaya ta raba su?

Yaya ake binciken? Da farko littafi ake dubawa: man da tanka ta sauke, wanda aka sayar, da abin da sandar awo ta nuna ya rage. In giɓi yana maimaituwa, sai a gwada tanki da bututu da matsin iska a ga ko suna riƙewa. Daga nan a haƙa ramuka kewaye da tankin, a ɗebi ƙasa daga zurfi daban-daban, a auna tururin mai da na'ura nan take, sauran a rufe cikin kwalabe a sanyaya a kai ɗakin gwaji. Akan kuma haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji aƙalla 3, domin da tsayin ruwansu ake gane inda ruwan ƙasa ya dosa, wato rijiyar wa zai fara isa. In an tabbatar, a kwashe man, a tono tankin, a ɗebe gurɓatacciyar ƙasa, a zuƙe wanda ke kan ruwa.

Kai kuma mai rijiya, in ka ji warin fetur a guga, ko ka ga maiƙo mai launin bakan gizo a kan ruwa, a daina sha da girki da shi. Tafasawa ba ta mai da shi na sha. Kada a tura yaro ya shiga yasa, kada a kusanto da wuta, domin tururin kan taru a ƙasan rijiya, ya shaƙe mutum ko ya kama. A sanar da mai unguwa da jami'an muhalli. A Najeriya akwai hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai. A nemi a gwada ruwan maƙwabta ma.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.