Doguwar Suma, Dannau da Iskoki: Me Masu Bincike Suka Gano, Ina Kuma Suka Tsaya?

  

Ɗan'uwa, in kana da waya a aljihu to na san saƙon nan ya iso maka, ko sau ɗaya ne. Ana turo murya ko bidiyo ta WhatsApp: wai wata mata ta mutu ta dawo, ta ga wuta ta ga aljanna, an aiko ta ta faɗa wa duniya, wanda bai tura wa mutum goma ba ya kuka da kansa. Wasunmu su tura cikin tsoro, wasunmu su yi dariya. A lakkwal kuma, musamman a jami'a, sai ka haɗu da ɗalibin da zai ce maka ai Turawa sun gama bincike, duk wannan aikin ƙwaƙwalwa ne, babu ruhi babu aljani. Mu da muka yi makarantar franko-arab muna tsakiya, ana ja ta nan ana ja ta can. Shi ya sa na ga ya dace mu duba me masu binciken nan suka yi, me suka samu.

Mu fara da doguwar suma, tunda ita ce ta fi yawo a wayoyinmu. A 1975 wani Ba'amurke mai suna Raymond Moody ya tattara labaran mutane wajen 150 da suka kai bakin mutuwa suka farfaɗo. Da yawansu sun ce sun ji kamar sun fita daga jikinsu, sun ga haske, sun haɗu da danginsu da suka rasu. Amma labari ne ya tara kawai, bai auna komi ba. Awon ya zo daga baya. Wani likitan zuciya a ƙasar Holan, Pim van Lommel, ya bi marasa lafiya 344 waɗanda zuciyarsu ta tsaya aka ceto su a asibitoci 10, ya buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet a 2001. Mutum 62 ne suka ce sun ga wani abu, wato kusan 18 cikin ɗari. Sauran ba su tuna komi ba.

Sai wani likita, Sam Parnia, ya zo da dabara. Ya ce tunda wasu na cewa sun tashi sama suna kallon jikinsu kwance, bari a kafa kantoci can kusa da rufin ɗaki, a aza hotuna a kansu waɗanda ba mai ganinsu sai wanda ke leƙowa daga sama. An yi haka a asibitoci 15 na Ingila da Amurka da Ostiriya. Zuciya ta tsaya wa mutum 2,060, an yi hira da 140 daga cikin waɗanda suka rayu, aka fitar da sakamako a 2014. Ba a samu ko mutum ɗaya da ya faɗi hoton da ke kan kanta ba. Biyun da suka ba da labarin ganin ɗakin daga sama, abin ya same su ne a wuraren da ba a sa kantocin ba. Ka ga ke nan wannan gwaji bai ba kowane ɓangare hujjar da yake nema ba.

Akwai abin da ya fi wannan jan hankalina. Da aka yi irin binciken a Indiya, masu ba da labari ba su cika zancen haske da rami ba. Su manzannin abin bautarsu na mutuwa suke gani, su tafi da su gaban wani mai riƙe da littafi, a duba a ce an yi kuskuren suna, a maido su. Kirista a Amurka yakan ga abin da ya taso da shi a coci. To yaya wannan? Kowa ya je "lahira" ya tarar da abin da ya bari a gidansu? Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tsaya kafin ya tura wancan saƙon.

Mu Musulmi ma ba sai mun jira Holan ba. A ƙarshen Suratul Muminun, aya ta 99 da ta 100, Allah ya ba mu labarin wanda mutuwa ta zo wa yana roƙon a maida shi, aka hana shi, aka kuma ambaci barzahu da ke tsare shi har ranar tashi. Wanda ya farfaɗo a gadon asibitin Magarya ko na Damagaram, ajalinsa ne bai yi ba. Kakanninmu da suka ce masa "ya yi doguwar suma" sun fi mai bidiyon nan gaskiya. Abin da ya gani muna iya saurara, muna iya ɗaukar sa kamar mafarki, amma ba a gina aƙida a kansa, ba a kuma halatta ko haramta komi da shi.

Kada ka ɗauka malamanmu ba su taɓa kula da irin waɗannan labarai ba. Ibn Abid Dunya, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 281 bayan Hijira, yana da ɗan littafi sukutum a kan mutanen da aka ɗauka sun mutu sai suka yi magana. Sai dai shi kowane labari ya kawo shi da isnadinsa, wane daga wane, don na baya su iya tantancewa. Ibnul Ƙayyim ya rubuta Kitabur Ruh, Imam Suyuɗi ya rubuta Sharhus Sudur, shi ne kuwa Suyuɗin da ya aiko wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha. A fiƙihu ma, Muhtasar na Shehu Halilu da ake karantawa a zaurukanmu ya so a gaggauta shirya gawa, amma ya ware wanda ya nutse a ruwa, a jinkirta masa har a tabbatar. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙauyukanmu da damina, inda yaro ke faɗawa tafki ko rijiya a ciro shi ba ya motsi, kafin likita ya gani an soma zancen likkafani.

Yanzu mu dawo gida, ga iskoki. Nan ne mu Hausawa muka zama abin nazari da kanmu. Baturen Ingila Tremearne ya fitar da littafi a kan bori tun 1914, daga abin da ya gani wurin Hausawan Tunis da Tarabulus. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano, littafinsa ya fito a 1946. A nan Nijar, Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazarin bori a Maradi ta buga a 1972, Nicole Echard ta yi a Adar, Adeline Masquelier ta yi a Dogon Dutsi, har ta ɗauko sunan littafinta na 2001 daga ƙorafin ƴan bori cewa salla ta ɓata musu komi. Jean Rouch kuma ya bi ƴan ƙasarmu har Akara ya ɗauki fim ɗin hauka da ya fito a 1955, inda iskokin da ke hawa kan mutane gwamna ne da kwamanda da sojan Turawa.

Yawancin waɗannan masana ba su zo tambayar ko aljani gaskiya ne ba. Tambayarsu ita ce wa abin ke kamawa, yaushe, kuma me ke biyo baya. Sun lura sau da yawa mace ce, a lokacin matsi: rashin haihuwa, ɓari, zuwan kishiya, auren da ba ta so. Sun lura girka na ba ta ƙungiya da murya a gidan da ba a jin maganarta. Ni ban yarda da wanda zai ce wannan bayani ya share aljanu ba, don akwai sura sukutum da sunansu a Alƙur'ani, kuma kiran iskoki da yi musu yanka shirka ne, babu littafin Bature da zai wanke shi. Amma ka tsaya ka ji abin da binciken ke faɗa mana mu. In ƴar'uwarmu ba ta samun mai sauraronta sai a gaban mai garaya, ina mu muke? Nana Asma'u ƴar Shehu ta gane wannan tun tuni, ta kafa ƴan taru, ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna koyar da mata. Ba da zagi ta janyo su ba.

Dannau kuwa, wannan kusan kowa a nan ya san shi: ka farka cikin dare, ido buɗe, ka kasa motsi ka kasa ihu, kamar an aza maka buhun gero a ƙirji. David Hufford ya tarar da shi a wani tsibirin Kanada inda suke ce masa tsohuwar mayya, ya rubuta a 1982. Masu nazarin barci sun nuna a lokacin mafarki jiki kan saki gaɓɓai gaba ɗaya don kada mutum ya tashi yana aikata abin da yake mafarki, wani lokaci kuwa hankali ya riga jiki farkawa. Rashin isasshen barci da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Da aka gwada mutanen Masar da na Denmak, an ga waɗanda suka fi tsoron abin shi ya fi damu. Ka yi addu'ar barci, ka kwanta a gefen dama yadda sunna ta koyar, ka ajiye wayar nan da wuri.

Inda abin ke da haɗari shi ne yaron da ke faɗuwa yana kumfa, ko yarinyar da ke zubewa a aji. Nan take sai a ce aljanu ne, wani lokaci har da bulala da sunan ruƙiyya, alhali ruƙiyyar da ta inganta karatu ne da addu'a. Farfaɗiya tana kawo wannan, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yana kawo shi ga yara, yunwa da firgici ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har mutum 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba faɗuwa in an gano ciwon aka ba su magani yadda ya kamata. Ka yi masa tofi, babu laifi, amma a kan hanyar likita. Kada a tura masa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe, a janye shi daga wuta da bakin rijiya.

Ga roƙona ga ƴan'uwana ɗalibai, na Jami'ar André Salifou a Damagaram da na Abdou Moumouni a Yamai da masu karatu a Kano. Sunayen da na lissafa ɗazu duk baƙi ne, da yawansu sai da suka koyi Hausa daga farko ko suka nemi tafinta. Mu kuwa da harshen aka yi mana tashe, muna da Larabci muna da Faransanci. In lokacin zaɓen batun memuwar ya zo, ga batu a ƙofar gida. Ka je wurin tsofaffin Kwaya, ka nemi izini, ka saya sunan mai magana in ya so. Ka rubuta abin da mutum ya ce ya gani da kalmominsa, ka rubuta abin da malamin asibiti ya auna, ka rubuta abin da nassi ya ce tare da ingancinsa, kowanne a shafinsa. In ka kai inda awo ya ƙare, Suratul Isra'i aya ta 85 ta riga ta gaya mana cewa sha'anin ruhi na Ubangiji ne, kuma ilimin da aka ba mu kaɗan ne. Cibiyar IRSH da ta LASDEL a Yamai suna da ɗakunan karatu da masana a wannan fanni, wanda ya je hutu babban birni ya leƙa ya tambaya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu cika da imani.