Saɓanin Tafintoci da Dabarun Sasanta Su a Fayilolin Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata matsala da ta daɗe tana damun masu rubuta manhaja, da kuma hanyoyin da suka bi wajen shawo kanta. Kwamfuta ba ta jin harshen da ɗan Adam yake rubuta mata umarni da shi. Sai an sami wata manhaja ta juya rubutun zuwa lambobin da na'urar take ganewa, wadda za a kira ta tafinta a cikin wannan jawabi.

Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro harshen C a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka wajen shekarar 1972, sa'an nan a 1973 aka sake rubuta babbar manhajar Unix da shi. Kowace babbar manhaja irin wannan tana zuwa da fayilolin gabatarwa, wato takardun da suke bayyana sunayen ayyukan da take yi wa ƙananan manhajoji, kamar buɗe fayil ko karanta shi, tare da irin bayanin da kowane aiki yake karɓa. Tafinta yakan karanta su kafin komai. In ya ci karo da kalmar da bai sani ba a cikinsu, aikin gaba ɗaya ya tsaya.

A shekarar 1989 hukumar ƙa'idoji ta Amurka, ANSI, ta tsayar da daidaitaccen harshen C. Sabuwar ƙa'idar ta kawo tsarin da ake jera irin bayanin da kowane aiki yake karɓa a cikin baka biyu, ta kuma kawo kalmar const. Tsofaffin tafintoci ba su san waɗannan ba, alhali suna nan birjik a jami'o'i da ma'aikatu, ba kuwa mai iya sake su a rana ɗaya.

Masanan Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, masu Unix ɗin da ake kira BSD, suka tattara maganin a fayil guda mai suna cdefs.h. A ciki suka ajiye wata alama, __P, wadda ake lulluɓe jerin bayanin da ita. Idan tafinta ya nuna shaidar __STDC__, wato ya san sabuwar ƙa'ida, sai a miƙa masa jerin cikakke. In babu shaidar, sai a share jerin a bar masa baka biyu wayam. Ta haka rubutu ɗaya ya gamsar da tsoho da sabo.

Masu tafintan GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987, wata hanyar suka bi, domin fayilolin kamfanoni ne ba su da ikon taɓa su. Suka rubuta wani shiri mai suna fixincludes, wanda yake kwafe fayilolin da suke da matsala, ya gyara kwafin, ya ajiye shi inda GCC zai fara dubawa. Aibin wannan dabara shi ne, idan aka sabunta babbar manhaja, kwafin yakan zama tsohon yayi, tafinta ya ci gaba da aiki da bayanin da ya riga ya sauya.

Daɗin daɗawa, tafinta yakan ari sunan wani. Clang yana nuna shaidar __GNUC__ tamkar shi ne GCC, don fayilolin da aka rubuta wa GCC su karɓe shi, ko da yake ba duk abin da GCC ya iya ne ya iya ba. Saboda haka ne Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ta ware wa kowannensu fayilinsa, compiler-gcc.h da compiler-clang.h. Daga baya aka ga ya fi dacewa a tambayi tafinta ko ya iya abu kaza, ta hanyar __has_attribute, maimakon a dogara da sunan da ya faɗa.

Lalle ne ɗalibai da ma'aikatan gwamnati su lura da darasin da ke nan. Manhajar da ake biyan albashi ko ajiye bayanan haraji da ita takan shafe shekaru ashirin tana aiki, na'urori da tafintoci suna sauyawa a ƙarƙashinta. Wadda aka warwatsa facinta a ɗaruruwan fayiloli, gyaranta sai an kashe dukiya mai yawa. Wadda kuwa aka tara saɓaninta wuri guda, fayil ɗaya za a buɗe. Ƙa'idar C da aka buga a 2024 ta soke tsohon salon rubutun da aka ƙirƙiro __P dominsa, shekara 35 bayan ƙa'idar ANSI. Mai sayen manhaja wa hukuma, ya tambayi mai sayarwa da tafinta nawa aka jarraba ta.